Gambon Garuruwa

A bakin wani ƙaramin gari kusa da Northampton
an kafa allo mai ƙafa biyu cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa.
Sunan garinsu a sama,
sunan garinmu a ƙasa,
a tsakani an rubuta wai tagwaye ne.
Na yi dariya a motar safe har direba ya waiwayo.
Wace uwa ce ta haifi Hasan cikin yayyafi,
ta haifi Usaini a tsakar rana?

Shekara tara ina ƙirga ƙwayar magani a garin nan,
ba wanda ya tambaye ni sunan unguwarmu.
Sai ga takarda daga majalisa: ana neman tafinta.
Na ce to,
ai duk gidan da aka yi tagwaye
akwai Gambo yana tafe a baya.

A zauren taro magajin gari ya rataya sarƙa,
namu sun sha babbar riga a kan rigar sanyi.
Na juya "zumunci" zuwa Turanci sau goma sha ɗaya,
na dawo da shi Hausa ya rame.
Shayi ya huce.
Aka sa hannu, aka yi musayar alƙalami,
mai hoto ya ce a sake, wani ya lumshe ido.

Washegari ne aka yi taron gaske,
a bayan layin dogo, a shagon Maureen Tebbutt,
jikar maɗinka takalma,
mai ƙaho a tafin hannu.
Barmo majemi ya kwance ƙunshinsa,
jar fatar akuya ta miƙe a kan teburi
kamar ta gaji da zaman jirgi.
Ta ɗauka ta kai hanci.
Na buɗe baki zan fassara mata bagaruwa,
Barmo ya taɓa ni: bar ta, ta ji.

Ta ɗaga fatar saitin taga,
ta sa farce a kan wani siririn tabo.
Ya ce ƙaya ce, akuyarmu ba ta zaman ɗaki.
Shi kuma ya kifa takalminta,
ya bi ɗinkin da babban yatsa
har ya tsaya inda zare ya yi tsalle.
Ta yi ja har kunne, ta nuna yaron shago.
Suka tuntsire.
Ni da na zo da harshe biyu
na tsaya riƙe da lema.

Da aka zo ciniki ta faɗi kuɗi,
ya ce albarka.
Ta dube ni: ya yarda?
Na ce a'a, addu'a ya yi miki, ki ƙara.
Ta ce garin da ake ƙin tayi da addu'a
sai ta je ta gani da idonta.

Fata ɗari biyu kafin bazara.
Almakashi shida, da wani tsohon keken ɗinki
da ya fi Barmo shekaru, zai bi shi gida.

Ranar Juma'a na kai wasiƙu makarantar firamare.
Wata 'yar aji huɗu, Imogen, mai giɓi,
ta ce me ya sa kan wannan harafin ya sunkuya?
Na ce ƙ ce, gaisuwa take yi.
Ta gwada, ta shaƙe, ajin ya ɗauka,
yara talatin suna ƙoƙarin faɗin ƙofa.

Baƙi sun koma.
Na koma ƙirga ƙwaya.
Da ma allon nan ya ci wa sunan garinmu lanƙwasa,
na gani tun ranar farko, na haɗiye,
baƙo ba ya gyara wa masu gida shinge.

Jiya daga tagar mota na hango
an ɗora wa harafin ƙugiyarsa
da shuɗin alli, a karkace,
daidai inda hannun yaro zai kai in ya yi ɗage.
Ruwa zai wanke shi kafin Lahadi.
Na sayi kwalin alli, yana aljihuna.